Kulochin tsohuwar Hilux ɗina yana zamewa, wanne zan saya wanda ba zai cinye min jari ba?

Mai Akori-kura: Assalamu alaikum jama'ar gida, shawara nake nema don Allah. Ina da tsohuwar Hilux mai gida ɗaya ƙirar 1994, injin fetur 22R, ba ta da ogzilari wato giyar jan taya huɗu, da ita nake ɗauko masara da waken suya daga wajen Tudun Wada da Doguwa in kawo Dawanau. To kwanan nan in na yi lodi na zo hawa sai in taka totur inji ya yi ta ihu amma mota ba ta ƙara gudu, ga wani ƙauri yana shigowa har cikin gida, kuma sai na kusa sakin feda gaba ɗaya sannan take kamawa. Bakanikena ya ce kulochi ne ya ƙare. Na shiga Ƙofar Ruwa tambaya an nuna min kala uku, akwai na kwalin Toyota wanda gaskiya kuɗinsa ya fi ƙarfina, akwai ɗan Beljiyam na kwance, akwai kuma wani sabo fil mai araha da ko rabin kuɗin na farkon bai kai ba amma sunan da ke jikin kwalin ban taɓa jinsa ba. Ga kaka ta matso ba na son motar ta kwanta lokacin da ake neman kuɗi. Wanne za ku ba ni shawara?

Yaron Mota: Wslm oga ka sa ɗan Beljiyam kawai ka huta, ƙarfen can ne, ya fi duk sababbin nan na yanzu

Oga Bakanike: Wa alaikumussalam. Malam kafin a zo maganar saye ka fara tabbatarwa cinyewa ya yi ba saiti ne ya ɓaci ba. Kulochin motarka na mai ne ba na waya ba, akwai masta, silindar da feda ke turawa, a sama kusa da ta birki sannan akwai ƙaramar silinda a jikin giya. Ka danna fedar da hannu a hankali, ya kamata ka ji ɗan wasa kafin ta fara tauri, littafin Toyota ya ce tsakanin milimita 5 zuwa 15. In wani ya taɓa ɗaure sandar masta har wasan nan ya ɓace to man ba ya samun hanyar komawa gwangwaninsa, sai ya zama kamar kullum ƙafarka na kan feda, kulochi mai lafiya ma zai dinga zamewa musamman in mota ta yi zafi. Sai kuma ka samu fili babu kowa a gaba, ka ja birkin hannu ka sa giya ta 4 ka ɗan ba ta wuta ka saki feda a hankali. In inji ya mutu nan take yana da sauran rai, in ya ci gaba da juyawa feda na sama to sai sauke giya. Kada ka daɗe kana gwajin, daƙiƙa biyu uku sun isa.

Mai Akori-kura: Na gwada yanzu a bakin gida oga. Wasan feda yana nan, amma a giya ta 4 na saki gaba ɗaya injin bai mutu ba sai da ya jima, har ƙaurin ya taso

Oga Bakanike: To ya tafi. Allah ya kawo na gyara.

Ɗan Kwance: Ni sana'ata ce kayan kwance don haka kada a ce ina kare kasuwata, amma bari in faɗi gaskiyar da na sani. Inji, giya, aksil, ƙofa, sitata, waɗannan in ka samu na kwance mai kyau wallahi ya fi sabon ɗan kamfanin da ba a san shi ba nesa ba kusa ba. Filet ɗin kulochi kuwa, wato faifan nan mai fata, abu ne da aka yi shi don ya cinye, kamar birki, wanda ya zo a jikin injin kwance ba ka san tafiyar da ya yi a can ba, kuma Hilux mai 22R ai ba yarinya ba ce, duk inda aka kwanto ta ta haura shekara 25 a duniya. Abin da nake ba mutanena shawara in aljihu ya yi nauyi shi ne su ɗauki dis, wato murfin da ke matse filet, na kwance orijina su haɗa da sabon filet da sabon rilis boris, boris ɗin da ke danna dis in an taka feda. Da yawa sun yi haka suna aiki lafiya

Oga Bakanike: Alhaji a nan ne ba mu jitu ba. Filet ko makaho ya shafa zai gane ya cinye, ka duba zurfin ribit, in kan ribit ya kusa fitowa daidai da fatar shi kenan, a littafi ma 0.3 na milimita ne iyaka. Amma dis fa? Ƙarfinsa yana cikin sifirin ɗin nan mai yatsu, kuma sifirin da ya sha zafi ya saki ba ya nunawa a ido, za ka gan shi tsaf ka wanke da fetur yana ƙyalli ka ɗaura, ranar da aka ɗora buhu 15 a zo hawan dutse ranar za ka san ba ya matsewa, ya cinye maka sabon filet ɗin da ka saya a banza. In dole sai na kwancen to a duba bakin yatsun inda boris ke taɓawa kada ya zama ya yi rami, a ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskarsa a ga ko ta lotsa, a duba shuɗi-shuɗin ƙuna. Duk da haka caca ce

Ɗan Kwance: Sabon ma ai caca ce a kasuwar yanzu oga 😂

Oga Bakanike: Wannan kuma ban musa ba

Baba Tsohon Direba: Yaran zamani kun cika son kashe kuɗi. Mu lokacin da muke jan Fijo 404 da 504 akori-kura wa ke sayen sabon filet? Kai wa masu ribit ake yi su cire tsohuwar fata su buga sabuwa, ka biya kuɗi kaɗan ka ɗauki abinka, kuma mu yi Funtuwa mu yi Gusau da lodin auduga lafiya lau. Har yanzu akwai masu yi a Fanteka ta Kaduna da nan Kano ma

Injiniya KD: Baba Allah ya ƙara girma, ana yi har gobe, kuma ga babbar mota ko tarakta da filet ɗinta ke da tsada ko wahalar samu yana da ma'ana. Sai dai fata kawai suke canjawa, cibiyar filet ɗin tana nan yadda take, haƙoran da ke hawa sandar giya sun riga sun ci, sifirin ɗin tsakiya da ke shanye girgizar inji sun saki suna kaɗawa. In ɗaya ya fita daga gidansa ya maƙale tsakanin filet da dis giya ba za ta shiga ba ko a tsakiyar dajin Falgore ne. Sannan ita kanta fatar da ake bugawa yanzu ba a san ingancinta ba.

Malam mai tambaya, abin da nake so ka sani shi ne ba kala uku ne kawai a kasuwa ba, akwai na huɗu kuma shi ne naka. Kamfanin Aisin na cikin dangin kamfanonin Toyota ne, su ne ke ƙera wa Toyota kulochi da yawa, wanda suka sa a kwalinsu na kansu yakan fi na kwalin Toyota sauƙin kuɗi alhali gida ɗaya suka fito. Akwai Exedy, shi ma na Japan, wanda tsofaffin kanikawa har yanzu suke kira Daikin saboda sunansa kenan kafin 1995, kuma ba shi da alaƙa da Daikin masu na'urar sanyaya ɗaki. Akwai Valeo na Faransa, da wanda ake yi a Koriya mai tambarin PHC Valeo, yana yawo sosai a kasuwanninmu kuma kuɗinsa da dama-dama. Cikin ukun nan duk wanda ka samu na gaske ya ishe ka aikin masara. Kuma kada ka ga an rubuta Thailand a kwali ka ce jabu ne, kamfanonin Japan ɗin nan suna da masana'antu a can

Mai Akori-kura: Madalla injiniya, ban ma san da wannan ba. To matsalar ta ya zan gane na gasken? Don mai shagon da na je ya ce min duk sunan da nake so akwai kwalinsa 😅

Yaron Mota: Hhhh ya faɗa maka gaskiya ai

Injiniya KD: Shi ya sa ba a sayen kwali. Ka sa a buɗe ka riƙe filet ɗin a hannu ka girgiza kusa da kunne, sabo na kirki sifirin ɗinsa a matse suke ba za ka ji suna ƙaras-ƙaras ba. Ka dubi ribit, na kamfani duk kansu iri ɗaya ne a zaune daram, na jabu za ka ga wani ya karkace wani ya fashe a baki. Sunan kamfani da lamba a jikin ƙarfen ake buga su ba a takardar liƙi kaɗai ba. Dis ɗin kuma ka kwantar da shi ka duba yatsun, su zama tsayinsu ɗaya, ka ɗaga shi ka kwatanta nauyinsa da tsohon da aka cire a motarka, na banza ƙarfensa siriri ne za ka ji shi sakayau. Duk wannan ba zai kama ƙwararren jabu ba, don haka mafi muhimmanci ka sayi wajen mai shagon da ke da mazauni wanda bakanikenka ya saba da shi, ya rubuta maka rasit da sunan kayan, da sharaɗin in bai yi ba za a dawo da shi

Oga Bakanike: Ƙari a kan wannan, kada ka sayi komai sai an sauke giya ka ɗauki tsohon filet da dis da boris a buhu ka tafi da su. Na 22R faɗinsa wajen milimita 225 ne haƙora 21, na injin 3RZ mai 2.7 da ya biyo bayansa ya fi shi faɗi, wajen 250, kuma motocinmu na nan ba ka rantsuwa a kan abin da ke cikinsu, mota ta wuce hannu biyar wani ya canja inji wani ya canja giya wani ya sa fulawil ɗin wata, wato faifan ƙarfen bayan inji da filet ke kamawa. Ka ce wa mai shago Hilux 94 kawai zai miƙo maka abin da ya ga dama. In ka dawo da sabon kafin a ɗaura a zura shi a sandar giya a ga yana shiga yana fita sumul ba tauri ba kuma girgiɗi

Uwar Gona: Sannunku da ƙoƙari. Ni ba direba ba ce amma ina da irin motar nan tana min jigilar taki da amfanin gona, kuma ni ke biyan kuɗin gyara don haka na san zafinsa. Bara wani bakanike ya ce wa direbana filet kawai za a canja sauran duk lafiyarsu ƙalau, aka canja, ba a rufa wata biyu ba mota ta fara wani ƙugi duk sanda aka taka feda, ashe boris ne, ƙaramin abu da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, sai da aka sake kwance farfela aka sake sauke giya na sake biyan kuɗin aiki cif, ga kwana biyu mota na gareji ana tsakiyar kwasar shinkafa. Ɗan'uwa in an buɗe a canja duk abin da ke ciki a rufe gaba ɗaya, kuɗin sauke giyar nan shi ne abin ji

Mai Akori-kura: Gaskiya ne Hajiya, na gode. To jama'a wani abokina ya ce in nemi wanda ake kira hebi duti tunda ina lodi, wai akwai mai fata kamar tagulla wanda ba ya ƙarewa

Yaron Mota: Eh shi nake so in faɗa maka, irin na motocin tsere, ko tan uku ka ɗora ba ya zamewa

Oga Bakanike: Kai yaro ka taɓa tuƙa mota mai irin wannan a gosulo ɗin Kurna ko Rijiyar Lemo? Wancan mai ɓalli-ɓallin ba ya san a hankali, ko ya kama ko ya saki, mota ta dinga zabura, ga shi yana cin fuskar fulawil, kuma duk bugun da filet na yau da kullum ke shanyewa sai ya wuce kai tsaye kan giya da kurosin farfela da aksil, a tsohuwar mota kuwa can ne kuɗi yake. An yi shi ne don injin da aka ƙara wa ƙarfi. 22R ɗinka ƙarfinsa na nan yadda kamfani ya yi shi ko ma ya ragu da tsufa, kulochi na daidai ya fi ƙarfin abin da injin zai iya bayarwa. In ka samu dis mai ɗan ƙarin matsi daga kamfanin kirki da filet na fata irin ta kullum babu laifi, sai dai feda za ta ƙara tauri kuma tsohuwar masta na iya fara yoyo. Ni dai ba zan ƙara ko sisi a kansa ba

Baba Tsohon Direba: Ku tambaye shi buhu nawa yake ɗorawa tukuna

Mai Akori-kura: Baba kar a tona asiri mana 😂 18 zuwa 20 in hanya da kyau

Baba Tsohon Direba: To ka ji. Buhun masara kilo 100 ne ko fiye, ashirin tan biyu kenan a motar da aka yi don wajen tan ɗaya. Lodi ba a tafiya yake kashe kulochi ba ɗana, a tashi yake kashe shi, duk sanda za ka ɗaga motar daga tsaye sai ka riƙe rabin feda ka ba ta wuta tana gogawa tana zafi. Ka tashi da giya ta 1 kullum kada ka yi ƙyuya ka tashi da ta 2, a hawa in an tsaya ka ja birkin hannu kada ka riƙe mota da kulochi, kuma ka sauke ƙafarka ƙasa in ka gama canja giya. Na ga direbobi da yawa ƙafar hagu na kwance a kan feda tun daga Kwanar Dangora har Kano

Mai Akori-kura: Baba in na rage lodi kuɗin mai ba zai fita ba wlh, fetur ɗin yanzu ba a magana

Baba Tsohon Direba: Na sani. Ban ce ka rage ba, na ce ka san abin da ke cin kuɗinka

Na Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan abin da ka kashe muna ambirayaj, wato kulochi, rairayi ne ba tudu ba. Mota ta kahe cikin yashi direba ya tsaya shina ba ta wuta shina wasa da feda gaba da baya, minti goma sun isa su toye sabon filet ƙurmus. Tunda taka ba ta da ogzilari in ka kahe ka sauka ka rage iskar taya ka haƙe gaban taya ka sa itace ko a rage buhu biyar a tura, in an hita a maida. Ya hi sauƙi bisa ga sauke giya

Admin: Don Allah masu turo lambar waya suna tallar kaya a bi ta inbox, na goge guda biyu. A ci gaba da bayani

Mai Akori-kura: Jama'a an sauke giya da safen nan. Filet ya cinye har ribit sun fara goga dis sun yi masa zobe, amma abin da ya ba ni mamaki cikin kwaryar giyar duk baƙin mai ne ya haɗu da ƙura ya zama kamar kwalta, fatar filet ɗin ma tana maiƙo. Fulawil kuma akwai tabo shuɗi-shuɗi da 'yan tsage ƙanana a fuskarta. Bakanike ya ce a wanke da fetur a goga samfefa a mayar

Oga Bakanike: A'a kada ka yarda a rufe a haka. Man nan daga wani wuri yake zuwa, in ba a toshe ba sabon filet ɗinka zai jiƙe ya fara zamewa da karkarwa ka ce jabu aka sayar maka alhali ba laifin mai shago. Ka shinshina shi, man giya yana da wari mai ƙarfi daban da baƙin mai, in shi ne to sil ɗin gaban giya ne, in baƙin mai ne to sil ɗin bayan inji ne wanda ke bayan fulawil, sai an cire fulawil ake kai masa. Amma ku fara duba sama, a 22R gasket ɗin murfin kan inji da 'yar robar nan mai kamar rabin wata da ke bayansa suna yoyo man ya gangaro ta baya ya yi kamar sil ne. Ni in motata ce duka zan canja tunda an riga an buɗe, kuma sil kam ka sayi na kirki, nan ba wurin neman araha ba ne. Tunda za a cire fulawil sai a canja ɗan ƙaramin boris ɗin da ke tsakiyar bayan karanshaf inda kan sandar giya ke shiga, mutane suna mantawa da shi

Injiniya KD: Fulawil ɗin kuma a kai wa masu injin share ƙarfe su share fuskarta, samfefa ba ta cire tabon ƙuna. Ka gaya musu ta 22R tana da ɗan tudu tsakanin inda filet ke kamawa da inda ake ɗaure dis, su kiyaye shi, in suka share ta ta zama shafe ɗaya matsin zai ragu. In bayan an share tsagar tana nan ta yi zurfi, to nan ne Alhaji Ɗan Kwance zai yi ciniki, fulawil ta kwance ba ta da matsala. Kuma a gaya wa yaran gareji kada su hure ƙurar da iska ko da baki, tsofaffin fatun kulochi wasu akwai asbestos a ciki yana illa ga huhu, a jiƙa a goge

Ɗan Kwance: Ka ga an dawo gidana 😂 akwai su, ka zo da tsohuwar a ƙirga haƙora a gwada ramukan noti

Mai Akori-kura: To na samu Exedy cikakken saiti filet da dis da boris a shagon da bakanikena ke saye, na girgiza na duba ribit na gwada da tsohon sun yi daidai, kuɗinsa ya ɗara ɗan Beljiyam amma bai kai na kwalin Toyota ba, ya rubuta min rasit. Aisin ɗin da na gani a wani shago ban natsu da shi ba yatsun dis ɗin wani ya fi wani tsayi. Yanzu fulawil na wajen masu shara

Yaron Mota: Da ka sa Beljiyam da ragowar kuɗin ka sayi taya

Uwar Gona: Kai dai ba ka gajiya

Oga Bakanike: Ka tsaya a kansu lokacin ɗauri Malam. A goge fuskar sabon dis da fetur don akwai man hana tsatsa da kamfani ke shafawa. Filet yana da gaba da baya, ɓangaren da cibiyarsa ta fi tudu shi ke kallon giya, in aka juya shi sifirin zai dinga taɓa notin fulawil. A saita shi a tsakiya da tsohuwar sandar giya kafin a ɗaure, notin dis a bi su kaɗan-kaɗan ana tsallakawa ba a ɗaure ɗaya tamau a koma na gaba ba, kuma ba sa son ƙarfi, yara suna tsinke su. Giris a haƙoran sanda ɗan shafi kawai, in ya yi yawa zai fantsama kan fata. A duba cokalin da ke tura boris da ƙwallon da yake zaune a kai ko sun ci ko sun tsage. Wajen mayar da giya kada su bar nauyinta ya rataya a kan filet kuma kada su jawo ta da noti in ta ƙi shiga, a sauke a sake saiti. In an gama a zuba sabon man birki DOT 3 a masta a fitar da iska a mayar da wasan feda. Sabon kulochi zai kama a ƙasa-ƙasa ba inda ka saba ba, kada ka ce a ɗaure sanda don ya dawo sama

Mai Akori-kura: In sha Allah ina wajen har a gama. Ranar Lahadi akwai lodi a Doguwa, zan iya zuwa?

Oga Bakanike: Ka je amma kada ka wuce buhu 10 a makon farko, fatar na bukatar ta zauna da fulawil tukuna

Mai Akori-kura: 10 kuma oga? a bar shi 14 mana

Baba Tsohon Direba: Ku ji shi fa, da bakanike ma ciniki yake